Kati Ɗaya, Ciki Biyu

Da sunan Allah mai saukar da cuta da maganinta nake fara wannan rubutu. Sunana Lawali, mutumin ƙasar Tasawa. Na fi shekara ashirin a Riyad ina aikin shimfiɗa tayil a wani ƙaramin kamfanin gine-gine. Ban daɗe da iya rubutun boko ba. Wani ɗalibi mutumin Zariya, Malam Nura, shi yake koya mana ranar Juma'a bayan la'asar a bayan shagon wani tela a unguwar Batha, mu goma sha ɗaya, yawancinmu da furfura. Wanda ya ga hannuna bai faɗa ba, ya yi mini uzuri. Jinyar matata Sa'ade nake so in ajiye a takarda, domin kuskuren da muka yi gidaje da yawa a nan suna kan yin sa, kuma akwai saƙon da nake so ya isa gida.

Sa'ade haifaffiyar unguwar Al-Ud ce, nan Riyad. Iyayenta daga Damagaram suka zo aikin hajji tun tuni, suka zauna. Larabcinta ya fi Hausarta gudu. Shekararmu takwas da aure, ta yi ɓari sau biyu, ba mu taɓa riƙe ɗa a hannu ba. Shi ya sa da wannan cikin ya wuce wata huɗu muka yi shiru, ba wanda ya sani sai Hajiya mahaifiyarta.

A shekarar da aka fara karɓar kuɗi a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamar baƙo, wato takardar izinin zamansa, kamfaninmu ya shiga matsi. Albashi sai ya yi wata biyu bai zo ba. Ana cikin haka katin ta'amin na Sa'ade, wato inshorar lafiya, ya ƙare, ba a sabunta ba. Na je wurin mandub, mutumin da ke kai takardun kamfani ofisoshi, ya ce mini, “Bukra, in sha Allah.” Goben nan tasa wata biyar ta yi ba ta waye ba. Baƙo irina kuwa in ba shi da kati, komai da kuɗi a hannu: ganin likita, awon jini, hoton ciki, har ƙwayar ciwon kai.

Gidan da muke haya tsohon gida ne da aka raba biyu. Ɗaya ɓangaren Haruna ne a ciki, mutumin Daura, direba a wani babban kamfanin madara, katinsu mai kyau. Matarsa Zuwaira ita ma tana da ciki, na huɗu, tsakaninta da Sa'ade bai wuce mako uku ba. A unguwarmu aron kati kamar aron turmi ne. Mace ta sa abaya da niƙabi, ta miƙa kati da igamar maƙwabciyarta, mai karɓar takarda ba zai ce ta buɗe fuska ba. Ba wanda yake ganin abin a matsayin laifi. Taimako muke ce masa.

Da cikin ya shiga wata na bakwai, ƙafafun Sa'ade suka fara kumbura. Takalminta ya daina shiga, ta koma sa nawa. Zoben hannunta sai da sabulu aka cire. Hajiya ta zo ta latsa ƙafar, yatsa ya lotsa ya bar rami, ta ce, “Cikin namiji ne. Haka na yi da cikin yayanki.” Ta kawo zoɓo ba sukari, da tafarnuwa, da man habbatus sauda a shafa. Na kira ƙanwata Hassana a gida, ta ce, “Yaya, ka kai ta awo mana. Ai kyauta ne.”

Na ce, “A can wurinku ne kyauta.”

Ta ce, “Ashe akwai abin da muka fi Makka.”

Mako na biyu ciwon kai ya shigo, irin mai sara a goshi. Sa'ade tana ɗaure kai da ɗankwali har sai jijiya ta fito. Zuwaira ce ta leƙo da katinta a hannu, ta ce, “Malam Lawali, ka kai ta. Kati na kwance a jaka ’yar uwata na fama? Ai ba zan ga da kyau ba.” Na ce sai na ji ta bakin maigidanta. Haruna ya ce, “Ɗan Tasawa, kai komai sai ka mai da shi shari'a. Ɗauki ku je.”

Muka je wani ƙaramin asibitin kuɗi da katin yake aiki a cikinsa. Layi tun daga bakin ƙofa. Na zauna ɓangaren maza awa uku ina kallon lamba tana canjawa a bango. Riyal ashirin kawai muka biya, namu kason. Da Sa'ade ta fito ta ce likita ta auna ta sau biyu, ta ɓata fuska, ta ce jininta ya hau sosai. Ta ba ta ƙwaya ta kwana goma, ta ce lallai ta dawo bayan mako guda, kada ta kuskura ta tsallake. A jikin kwalin maganin sunan Zuwaira ne. Na karanta shi da kaina, na ji wani iri, na jefa kwalin a aljihu.

Maganin ya yi aiki. Ciwon kai ya lafa, ƙafa ta ɗan saɓe, sai dai tana cewa yana sa ta jiri in ta miƙe. A nan ne muka yi kuskuren da ya kusa cinye mu, kuma ina roƙon mai karatu ya bi shi a hankali.

Ranar komawar ta zo daidai da lokacin da Zuwaira take son a duba nata cikin. Kati ɗaya ba zai je sau biyu a mako da ciki iri biyu ba, za a gane. Sai Zuwaira ta ce, “Ki huta, ni zan je. Ki faɗa mini duk abin da kike ji, in faɗa wa likita kamar ni ce, in jiyo miki amsa.” Sa'ade ta lissafa mata: jiri, kumburi ya ragu, kai ya daina sara. Ni ma ina zaune, na ce wannan dabara ta yi, ga shi ba sai na rasa aikin yini ba.

Zuwaira ta dawo da yamma da ledar lemo, tun daga ƙofa tana cewa, “Albishirinki!” Wata likitar ta tarar, ba ta farko ba. Ta faɗa mata duk abin da aka aiko ta da shi. Likita ta ɗaura mata abin awo a hannu, ta duba, ta duba kwamfuta, ta ce jini ya sauka lafiya lau, jirin ma maganin ne ya yi yawa, a daina sha, a dawo bayan wata guda. Muka yi hamdala. Hajiya ta ce, “Ba na faɗa muku ba? Zoɓo ne.” Sa'ade ta ajiye sauran ƙwayar a saman firji.

Mu uku manya a ɗakin, har da Hajiya huɗu, ba wanda ya tsaya ya ce: to hannun wa aka auna? Yanzu in na ba mutum labarin sai ya riƙe baki. Amma a lokacin mun riga mun saba, a kanmu katin ne ke zuwa asibiti, an kuma ce katin ya warke. Sannan abin da muke so mu ji ke nan, shi ya sa bai sha wahalar shiga kunnenmu ba.

Kwana biyar da daina maganin kumburi ya dawo, wannan karon har fuska. Idanunta suka ƙanƙance, in ta yi dariya kamar ba ita ba. Mako na gaba ta fara cewa tana ganin wasu abubuwa na walƙiya a gabanta kamar ƙudajen wuta, ga wani ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Hajiya ta ce kambun baka ne, mutane sun ga ciki ya fito bayan shekara takwas. Aka kawo ruwan zamzam da aka yi wa tofi. Wata maƙwabciya ta ce ƙwarnafi ne, gashin jariri ne ke taɓa zuciya. Wani abokin aikina Bamisire ya ce a ba ta yansun, wani ganyen shayi nasu. Kowa da nasa, kuma kowa da kyakkyawar niyya. Ni kuwa ina lissafin kwanaki: likita ta ce wata guda, saura mako biyu, saura kwana goma. Na sake komawa wurin mandub. Bai ma ɗago kai daga wayarsa ba.

Ranar wata Talata da hantsi ina durƙushe a wani gini a arewacin gari, siminti a hannuna, waya ta yi ƙara. Zuwaira ce. Ta ce, “Malam Lawali, ka taho. Sa'ade ta faɗi a kicin, jikinta na ta karkarwa, ta ciji harshe. Baban Ummi ya tafi da ita.” Baban Ummi shi ne Haruna. Allah ya sa ranar hutunsa ce.

Ban san yadda na sami tasi ba. Na isa asibitin da kayan aiki a jikina, gwiwoyina fari fat. Na tarar da Haruna a gaban ɗakin gaggawa ba hula. Ya ce, “Kwantar da hankalinka, an karɓe ta. Na ba su katin.” Na hango ta ta ƙofa, an sa mata ruwa, idonta a rufe, a wuyan hannunta an ɗaura wata farar roba mai rubutu.

Ba mu jima ba wata ma'aikaciya ta fito da takarda a kan allo, ta ɗaga murya: “Mijin Zuwaira!”

Muka miƙe mu biyu.

Ta dube ni, ta dubi Haruna. Ta ce aiki za a yi yanzu a ciro jaririn, ana buƙatar mijin ya sa hannu. Mijin da ke cikin kwamfutarsu kuwa Haruna ne. Ya ja ni gefe, ya rage murya. “Bari in sa hannu, Ɗan Tasawa. A ceci rai tukuna. Sauran daga baya mu san yadda za a yi.”

Na ce, “Abin da aka haifa fa? Sunan wa za a rubuta?”

“Daga baya, na ce.”

“Zuwaira in ta tashi haihuwa nan da wata guda, a ce ta haihu sau biyu?”

Ya ce, “To me kake so? Ka faɗa musu, a kore ni daga aiki, a buga mini fita daga ƙasar nan ta har abada da ’ya'ya uku? Alheri na yi maka.” Gaskiya ya faɗa, alheri ya yi mini. Hannunsa na riƙe da damtsena.

Muna cikin haka likitar ta fito da kanta, wata ’yar Sudan, doguwa, da gilashi a rataye a wuya. Ba ta tambayi wane ne mijin ba. Ta ce, “Akwai abin da ban gane ba. Takarda ta ce matar nan ta haihu sau uku lafiya, jikinta kuwa bai nuna ta taɓa haihuwa ba. Takarda ta ce mako uku da suka wuce jininta daidai yake. Jinin da na auna yanzu ba a mako uku ya hau ba. Wani a cikinku ya faɗa mini wace ce a kan gadon nan, don ba ni da lokaci.”

Haruna ya matse hannuna. Na kasa kallonsa. Na ce, “Daktora, sunanta Sa'ade. Matata ce. Ba ta taɓa haihuwa ba, ɓari biyu ta yi. Katin na matar wannan bawan Allah ne, ni na roƙe shi. Wadda aka auna aka ce jini ya hau, matata ce. Wadda aka auna aka ce ya sauka, tasa ce.”

Haruna ya sake ni.

Likitar ta rufe ido kamar mai ƙirga wani abu. Ta ce, “Kwana nawa ba ta sha magani ba?” Na faɗa mata. Ta ce, “Ya Allah.” Sannan ta faɗi sunan ciwon da har na mutu ba zan manta ba: tasammumul hamli, gubar ciki. Ta ce yana iya ɗaukar uwa da ɗa a yini guda, kuma ƙwayar nan da muka ajiye a saman firji ita ce ke riƙe da ƙofa. Ta ce rukunin jinin da ke rubuce a fayil ma ba na Sa'ade ba ne. Suna sake gwadawa kafin su ƙara wa mutum jini, amma da ruɗanin ya ci musu lokacin da ba su da shi. Ta dube ni ta ce, “Ya hajj, ni mace nake yi wa aiki. Kati ba ya zubar da jini.”

Ta shiga ta ɗauki almakashi, ta yanke robar hannun Sa'ade, ta fito ta danƙa mini. “Ajiye wannan, ka riƙa kallo.” Ta juya wurin masu rajista ta ce an yi kuskure wajen shigar da suna, a soke, a buɗe sabon fayil da igamar mai jinyar. Mutumin ya ce babu ta'amin, sai an ajiye kuɗi. Ta ce, “Gaggawa ce. Ka nemi kuɗinka bayan na gama.” Aka kawo sabuwar takarda, na rubuta sunana a ƙasa, siminti ya ɓata gefen takardar. Da na waiwaya Haruna ya tafi.

Kafin la'asar aka ciro yarinya. Ba ta kai kilo biyu ba. Na gan ta ta bayan gilashi a cikin kwalba, ƙirjinta na sama da ƙasa kamar na ɗan tsako, waya ko'ina a jikinta. Sa'ade ta yi kwana uku a ɗakin masu tsananin jinya. Ana ba ni minti goma da safe, goma da yamma. A rana ta biyu ta buɗe ido ta ce da Larabci, “Yana da rai?” Na ce, “Tana da rai. Hajiya ba ta canka ba, mace ce.” Ta yi murmushi da kumburarren harshe.

Bayan kwana shida aka sallami uwar, aka riƙe jaririyar. A nan jinyar gida ta fara, kuma a nan na yi rigimar da ban taɓa yi da surukata ba. Hajiya ta dafa kunun kanwa cikin babbar tukunya, ta ɗora ruwan wankan jego yana tafasa. Likita kuwa ta ja mini kunne: ba kanwa, ba gishiri mai yawa, ba ruwa mai ƙuna a kan ɗinki, magani safe da yamma ko da ta ce ta warke. Na tsaya a ƙofar kicin na ce, “Hajiya, ki gafarce ni, wannan kunun ba za a sha ba.”

Ta ce, “Ni na haifi bakwai da kunun nan. Kai nawa ka haifa?”

Na ce, “Ko ɗaya. Amma na kusa binne biyu.”

Ba ta yi mini magana ba har washegari. Da safe sai ga ta da kunun gyaɗa ba kanwa, ta dangwarar a gabana ta ce, “Ga shi, likita. A duba ko ya yi.” Daga ranar ita ce mai tsaron agogon magani, ta fi ni tsanani.

Kwana goma sha tara yarinyar ta yi a kwalba. Sa'ade tana tatsar nono a ’yan kwalabe, in sa a cikin kula da ƙanƙara, in kai asibiti kafin in wuce aiki, in sake kaiwa bayan magariba. Akwai wata ma'aikaciya ’yar Filifin da take ɗaga mini labule in gan ta ko da lokacin ziyara ya wuce, tana nuna mini da yatsu yawan abin da ta ƙaru. Allah ya saka mata. Amma a ƙasan benen akwai tagar biyan kuɗi, kuma can ba a san murmushi ba. Kwana ɗaya a kwalba ya fi abin da nake samu a mako. Duk bayan kwana uku sai a kira ni a nuna mini takarda ta ƙara tsawo. Suka ce takardar shaidar haihuwa ba za ta fito ba sai an daidaita. Asibiti ɗaya, sama ana ceton ranka, ƙasa ana auna wuyanka. ’Yan ajinmu na Batha suka yi karo-karo, masallacin unguwa ma aka yi, Hajiya ta sayar da awarwaronta biyu ba ta faɗa mini ba sai daga baya. Duk da haka ko rabi ba a kai ba.

Haruna kuwa gaisuwa kawai. In mun haɗu a ƙofa ya ce “salamu alaikum” yana kallon takalminsa. Kullum yana jiran a kira shi ofis. Zuwaira ba ta fasa aiko da abinci ba, amma ta bakin taga. Abin ya dame ni fiye da kuɗin, domin mutumin nan shi ya ɗauki matata a hannunsa ya sa a mota.

Ba a kira shi ba. Likitar nan ta rufa mana asiri. Sai dai fayil bai manta ba. Da Zuwaira ta tashi haihuwa, aka buɗe kwamfuta aka ga an taɓa rubuta mata hawan jini mai tsanani. Ta rantse lafiyarta lau, suka ƙi yarda. Ta haihu cikin awa biyu kamar yadda ta saba, amma suka riƙe ta kwana uku ana auna ta dare da rana, abinci ba gishiri. Ta kira Sa'ade a waya, ina ji: “Ki ce wa Malam Lawali ya zo ya cinye wannan shinkafar, ai shi ya jawo mini. Ciwon wata, horon wata.” Da yamma Haruna ya shigo ɓangarenmu, karon farko tun ranar, ya zauna a kan tabarma yana dariya har da hawaye. Ya ce, “Ɗan Tasawa, da na sa hannun nan, yau ina da ’ya'ya mata biyu a wata ɗaya daga mace ɗaya. Wane alƙali zan yi wa bayani?” Na ce ya yafe mini. Ya ce, “Ni zan ce haka. Kawo shayi.”

Maganar kuɗin, Malam Nura ne ya buɗe mana ido. Na ba da labarin a aji, ya ce, “Baba Lawali, ai dokar ƙasar nan ta ɗora wa mai kamfani ya yi wa iyalin ma'aikacinsa ta'amin. Hakkinka ne.” Shekara ashirin ina ɗauka alfarma ce ake yi mini. Muka nemo masu iyali a kamfaninmu, mu bakwai, ashe duk katunan matansu sun mutu, kowa yana aro a ɓoye yana jin kunyar faɗa. Muka tsallake mandub muka je wurin mai kamfanin da kansa. Ban yi faɗa ba. Na ajiye masa takardar asibiti da robar nan da aka yanke, na ba shi labarin tun daga takalmi. Ya daɗe yana juya robar a hannunsa. Cikin mako biyu katuna bakwai suka fito, ya kuma ɗauki kaso mai tsoka na kuɗin asibitin. Sauran ina biya kaɗan-kaɗan, kuma ba na ƙorafi.

Yanzu ga saƙona zuwa gida. Hassana ƙanwata, wadda ta ce in kai Sa'ade awo, ita ma an taɓa yi mata aiki aka ciro ɗa a asibitin gwamnati a can. Ba a sayar da gonar mahaifinmu ba, ba ta ari sunan kowa ba. Awon ciki, da aikin haihuwa, da maganin yara ’yan ƙasa da shekara biyar, gwamnati ta ɗauke wa talaka. Muna raina abin saboda layi da faɗan ma'aikata. Amma ina jin rediyo a nan, ina jin asibitoci na kukan ba a mayar musu da kuɗin da suka kashe, kantar magani ta zama fayau, wasu manya har suna cewa tsarin ya yi tsada. Ku da kuke can, kada ku bari ya mutu kuna kallo. Rijiyar gari in ba a yashe ta, kowa zai koma roƙon ruwa a gidan mai hali. Wanda ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi kuɗin asibitin mata da yara kafin ku tambaye shi buhun shinkafa. Ni na zauna inda lafiyar mai ciki take rataye a jikin kati, na ga abin da mutanen kirki suke yi in katin ya mutu. Zanen aro ba ya rufe katara.

Ranar da aka sallami yarinyar, kafin a cire robar da ke ɗan hannunta, na roƙi ma'aikaciyar ta dakata. Na sunkuya na karanta a hankali, harafi bayan harafi. An rubuta: jaririyar Sa'ade. Muka sa mata suna Rahama. Ta Zuwaira kuma Hauwa. Yanzu duk suna tafiya, suna faɗa a kan ’yar tsana ɗaya a tsakar gida, ’yan unguwa na kiran su tagwayen kati. Sa'ade ta warware, sai dai ana duba jininta duk wata, da sunanta.

Kwanan baya wata amarya daga layin bayanmu ta shigo tana raɓe-raɓe, ciki ya fara fitowa, ta ce ko Sa'ade za ta ara mata kati. Sa'ade ta ɗauko robar nan daga cikin akwati ta ba ta labari. Sannan ita da Zuwaira suka zaga gidaje biyar, aka haɗa kuɗin ganin likita, suka raka ta aka buɗe mata fayil da sunan da ubanta ya raɗa mata. Haruna kuma ya bi mijin ya nuna masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa a wurin aikinsu.

Turmi har yau ana aro a gidanmu, da tukunya, da tsani. Kati kuwa kowa da nasa. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya sauki masu ciki cikin sauƙi, ya saka wa likitar da ta tambayi wace ce a kan gado.